Adon Matan Sarauta: Yaushe Kwalliya Ke Biyan Kuɗin Sabulu?

Gabatarwa

Duk lokacin da aka yi wani gagarumin biki a gidan sarauta, a Landan ne ko a Doha, abin da jaridu suke fara bugawa washegari shi ne hoton rigar da sarauniya ko gimbiya ta saka. Za a faɗi sunan telan da ya ɗinka ta, da irin yadin, da kuɗin da ta ci, har da ranar da aka taɓa ganin mai ita da ita a baya. Mu ɗalibai, da muke ganin manyan al'amura ne kawai suka dace da nazarinmu, mukan ɗauki wannan a matsayin hirar marasa aikin yi. Ni dai ra'ayina ya sha bamban. Ina ganin suturar matan sarauta wani harshe ne da suke magana da jama'a da shi, kuma bai kamata ɗalibin harshe ya toshe kunnensa ba. Sai dai kamar kowace magana, akwai wadda aiki yake biyo bayanta, akwai kuma wadda iska take kwashewa. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa adon fada yana da amfani ne kawai idan talakan da ya biya kuɗinsa ya ga rabonsa a ciki.

Kafin mu yi nisa, ya kamata a fayyace abin da za a riƙa kira ɗinkin alfarma a nan. Shi ne irin ɗinkin da manyan gidajen teloli, musamman na birnin Faris, suke yi wa mace ɗaya bisa awon jikinta, da hannu, a kan kuɗi mai yawan gaske. A Faransa har doka ta tsare sunansa tun 1945, ba kowane gidan ɗinki ne yake da ikon cewa shi yake yi ba.

Bakin da aka rufe

A ƙasashen Turai da har yanzu suke da sarauta, galibi ba a yarda sarki ko sarauniya su tsoma baki a siyasa ba. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta yi shekara 70 a kan gadon sarautar Birtaniya, daga 1952 zuwa rasuwarta a watan Satumba na 2022, ba ta taɓa fitowa fili ta ce ga jam'iyyar da take so ba. Hatta jawabin da take karantawa ranar buɗe majalisa, gwamnati ce take rubuta mata. Matar sarki ko matar yarima kuwa ta fi ta ƙarancin bakin magana. Amma duk da haka ana son a riƙa ganin su kullum, a asibiti, a makaranta, a wurin tarbar baƙi. Wanda aka hana shi magana aka kuma tilasta masa fitowa, dole ya nemi wata hanyar isar da saƙo. Hanyar da matan nan suka samu ita ce allura da zare.

Mu a Nijeriya ba baƙin wannan harshe ba ne. A masarautun ƙasar Hausa, naɗin rawani mai kunne biyu da alkyabba sukan gaya wa mutum wane ne yake tafe tun kafin maroƙi ya buɗe baki. A masarautar Benin kuwa, murjani ado ne da yake ƙarƙashin ikon Oba, kuma sassaƙen tagulla na Idia, mahaifiyar Oba Esigie a ƙarni na 16, yana nuna ta da doguwar hular murjani mai shaida matsayinta na uwar sarki. Abin da ya bambanta matan sarautar Turai shi ne na'urar ɗaukar hoto tana biye da su, saboda haka miliyoyin mutane ne suke karanta abin da suka saka.

Rigar da ta ciyar da masaƙa

A ranar 10 ga Fabrairu, 1840, Sarauniya Biktoriya ta auri Yarima Albert cikin farar riga. Yau an ɗauki farar rigar amarya tamkar wata daɗaɗɗiyar al'ada, alhali wannan biki ne ya fi yaɗa ta. Abin da aka fi mantawa shi ne inda kayan suka fito. An saƙa silikin a unguwar Spitalfields ta Landan, leshin kuma matan yankin Honiton ne suka yi shi da hannu, a daidai lokacin da leshin inji yake neman kashe musu sana'a. Da ta so, da ta aika Faransa an kawo mata. Ta zaɓi na gida, kuma masu hali suka bi sahunta.

Haka ma Eugénie, matar Napoleon na Uku na Faransa. Ita ce ta ɗaukaka Charles Frederick Worth, wani Bature ɗan Ingila da ya buɗe gidan ɗinki a Faris a 1858, wanda ake ɗauka shi ne uban ɗinkin alfarma. Worth ya riƙa ɗinka mata riguna da silikin birnin Lyon mai nauyi, ita kuma tana sakawa a manyan taruka domin masaƙan garin su sami ciniki. An san tana kiran irin waɗannan riguna kayan siyasa. Ashe tun wancan zamani masu abin sun san me suke yi.

Elizabeth ta Biyu ce ta kai wannan fasaha ƙololuwa. Lokacin aurenta a watan Nuwamba na 1947, Birtaniya ba ta gama farfaɗowa daga yaƙin duniya na biyu ba, yadi ma sai da takardar rabo ake sayensa. Da irin wannan takarda aka sayi kayan rigarta, gwamnati ta ƙara mata 200. Mata da yawa suka aiko mata da nasu don ƙauna, aka mayar musu saboda doka ta hana mutum ya ba wani rabonsa. Saƙon a fili yake: 'yar sarki ma tana ƙarƙashin dokar da take kan kowa. A bikin naɗinta ranar 2 ga Yuni, 1953, tela Norman Hartnell ya yi wa rigarta surfani da furanni da tsirran da suke alamta ƙasashen da take shugabanta, har da ganyen da yake tambarin Kanada, da furen Afirka ta Kudu, da alkama da auduga na Pakistan.

Daga baya aka san ta da launuka masu ɗaukar ido, ruwan ɗorawa, da shuɗi, da kore shar. Dalili shi ne ita gajeruwa ce, kuma wanda ya sha rana ko ruwan sama yana jiran ta ya kamata ya koma gida yana cewa ya hango ta. Laimarta ma mai nuna abin da yake ciki ce, don kada ta rufe mata fuska. A watan Mayu na 2011 ta zama mai sarautar Birtaniya ta farko da ta ziyarci Jamhuriyar Ailan tun bayan da ƙasar ta ƙwaci 'yancinta da jini. Ta sauko daga jirgi cikin koren tufafi, launin 'yan ƙasar. A liyafar dare a birnin Dublin, rigarta tana ɗauke da sama da 2,000 na ganyen nan mai kunne uku da 'yan Ailan suka riƙa a matsayin tambarinsu, duk ɗinkin hannu. Tun kafin ta karanta jawabinta, rigar ta riga ta yi gaisuwa. Gani ya kori ji.

Dayana: daga ado zuwa aiki

Gimbiya Dayana ta nuna wani ɓangaren na wannan harshe, wato abin da aka ƙi sakawa ma magana ne. Al'adar matan fada ce su sa safar hannu idan za su gaisa da jama'a. A watan Afrilu na 1987, lokacin da mutane suke gudun masu cutar ƙanjamau, suna zaton ko taɓa su yana sa a kamu, Dayana ta je asibitin Middlesex a Landan ta yi hannu da wani maras lafiya ba tare da safa ba. Hoton ya zaga duniya, ya yi aikin da takardun faɗakarwa da yawa suka kasa yi.

Ta kuma san yadda ake mayar da martani ba tare da an furta kalma ba. A daren 29 ga Yuni, 1994, aka nuna hirar da mijinta, Yarima Charles, ya amsa cewa ya ci amanar aurensu. A wannan daren ta fito wani taro cikin baƙar riga wadda ta saɓa wa tsarin fada, tana murmushi. Washegari jaridu suka cika da hotonta. Wannan ita ce rigar da aka fi tunawa da ita, amma a ganina ba ita ce ta fi muhimmanci ba. A watan Janairu na 1997 ta je Huambo a ƙasar Angola, ta taka filin da ake tonon nakiyoyi, sanye da farar taguwa da wando da rigar kariya. A watan Yuni na shekarar ta yi gwanjon rigunanta 79 a birnin New York, aka tara fiye da dala miliyan 3 don masu fama da ƙanjamau da ciwon daji. Ta rasu a watan Agusta, a watan Disamba kuma ƙasashe fiye da 120 suka sa hannu a yarjejeniyar Ottawa ta haramta nakiyoyin da ake binne wa mutane. Ba ita kaɗai ta kawo yarjejeniyar ba, ƙungiyoyi sun daɗe suna fafutuka, amma ta ari idanun da suke bin rigunanta ta kai su inda ake yanke wa yara ƙafafu.

Inda ado ya zama shaida a kan mai shi

To amma harshen da yake jawo ƙauna shi yake jawo tsana. Marie Antoinette ta zama sarauniyar Faransa a 1774. Telarta, Rose Bertin, ta yi ƙarfi a fada har ana yi mata laƙabi da ministar ado. Yayin da baitulmali yake nutsewa cikin bashi, burodi yana tsada, labarin rigunan sarauniya ne yake yawo a kasuwa, har aka sa mata sunan da yake nufin uwar giɓin kasafi. A 1783 ta gwada sauƙaƙa shiga, aka zana hotonta cikin farar rigar auduga maras nauyi. Sai aka ce ta fito da kayan barci, ta kuma yi watsi da silikin Faransa, dole aka janye hoton daga wurin baje koli. A 1785 wasu 'yan damfara suka yi amfani da sunanta suka karɓi wata sarƙar lu'ulu'u mai tsadar gaske. Ba ta da hannu a ciki, amma jama'a suka gaskata, domin sun riga sun yanke hukuncin wace iri ce ita. Juyin juya hali ya ɓarke a 1789, aka fille mata kai a watan Oktoba na 1793.

Kusa da mu, a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, Jean-Bédel Bokassa ya naɗa kansa sarkin sarakuna ranar 4 ga Disamba, 1977, a bikin da aka ƙiyasta ya ci kimanin dala miliyan 20, a ɗaya daga cikin ƙasashe mafiya talauci a duniya. Rigar matarsa Catherine daga gidan ɗinkin Lanvin na Faris aka kawo ta. Abin baƙin ciki, tufafi ne kuma suka zama sanadin faɗuwarsa. A farkon 1979 'yan makaranta suka yi zanga-zanga saboda an tilasta musu sayen kayan makaranta masu tsada daga kamfanin iyalinsa. Aka kama yara da yawa, kimanin 100 suka mutu. A watan Satumba na shekarar aka hamɓare shi. Zanen aro ba ya rufe katara.

Hujjojin masu suka

Akwai masu cewa rashin adalci ne a riƙa auna mace da abin da ta saka, alhali mijinta yana iya maimaita kwat ɗaya shekara goma ba wanda ya kula. Wannan gaskiya ne, kuma labarin Marie Antoinette ya tabbatar da shi. Yaƙe-yaƙe ne suka fi jefa Faransa cikin bashi, ciki har da taimakon da ta ba Amurka a yaƙin neman 'yancinta, amma talaka ba ya ganin takardun bashi, rigar sarauniya yake gani. An ɗora wa mace laifin da maza suka fi ta hannu a ciki. Sai dai amincewa da wannan bai rushe maganata ba. Tun da dai an san idanu a kansu suke, wadda ta yi amfani da kallon don amfanin wasu ta fi wadda ta yi kamar ba ta san ana kallon ta ba.

Wasu kuma suna cewa duk abin yaudara ne, ana amfani da kyakkyawar riga a rufe mummunan tarihi. Su ma suna da abin kafa hujja. A bikin naɗin Sarki Charles na Uku ranar 6 ga Mayu, 2023, an kauce wa sa wa Sarauniya Camilla kambin da yake ɗauke da lu'ulu'un Koh-i-Noor, wanda Indiya da wasu ƙasashe suke neman a mayar musu. An kauce wa surutu, amma dutsen yana nan a Landan. Farah, matar Sarkin Iran, ta fi wannan zama abin nazari. Gidan Dior ne ya yi mata rigar aure a 1959 da ta naɗi a 1967, amma ta yi ƙoƙarin ɗaukaka saƙa da surfanin matan karkarar ƙasarta. Duk da haka, shagalin da aka yi a Persepolis a 1971 na cikar sarautar Farisa shekara 2,500, wanda har abinci daga Faris aka kawo, da kuma zaluncin 'yan sandan ciki na mijinta, sun fi ƙarfin allurarta. A watan Janairu na 1979 suka bar ƙasar ba su sake komawa ba. Darasin a nan shi ne riga tana iya ƙara wa mulkin adalci kwarjini, amma ba ta wanke mulkin zalunci.

Ma'aunin da ya kamata mu riƙe

Idan haka ne, da me za mu auna? A ganina tambaya biyu ta isa. Hannun wa ya yi wannan riga, kuma wane aiki ya biyo bayan fitowa da ita? Wadda ta fi amsa su da kyau ita ce Sarauniya Sirikit ta ƙasar Tailan, wadda ta rasu a watan Oktoba na 2025. A 1960, da za ta raka mijinta, Sarki Bhumibol, doguwar ziyara Amurka da Turai, ta ɗauki tela Pierre Balmain na Faris, amma ta sa ya yi aiki da silikin ƙasarta. Bayan nan ta sa masana suka bi tsofaffin hotunan fada, aka fitar da salon shiga takwas da suka zama kayan ƙasa na matan Tailan. A 1976 ta kafa gidauniyar da take koya wa matan karkara saƙa tana kuma saye daga hannunsu, sannan ita da kanta take saka abin da suka saƙa a gaban shugabannin duniya. Saƙar da ake yi wa kallon ta ƙauye ta zama abin alfahari, kuɗi kuma ya shiga gidajen manoma. Ba ta ƙi telan Faransa ba, ta dai sa shi ya yi wa masaƙan ƙasarta hidima.

Wannan ma'auni ya shafe mu. Allah ya albarkaci ƙasar nan da gidajen sarauta daga Sakkwato zuwa Kalaba, kuma abin da matan waɗannan gidaje suka saka a bikin aure ko na naɗi, shi sauran mata za su nema a kasuwa. Muna da aso-oke na Iseyin, da adire na Abeokuta, da saƙar Akwete a Jihar Abiya, da rinin Ƙofar Mata a Kano. Amma leshin da aka fi yi wa kirari a manyan bukukuwanmu daga Ostiriya da Suwizalan ake kawo shi, yayin da manyan masaƙun Kaduna, da suka taɓa ɗaukar dubban ma'aikata, suka rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000. Ba na cewa ɗaurin ɗankwalin gimbiya zai gyara wutar lantarki ko ya hana fasa-ƙwauri. Abin da nake cewa shi ne idan matar sarki ta mayar da saƙar gida kayan fitarta na kullum, ba na rana ɗaya a shekara ba, ta kuma bari a san sunan garin da aka saƙa, to ta yi wa masaƙi tallan da ba zai taɓa iya biya ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mai karatu zai ga cewa adon matan sarauta ya wuce batun son gayu. Biktoriya da Eugénie sun tallafa wa masaƙa da shi, Elizabeth ta yi sulhu da shi, Dayana ta jawo hankalin duniya ga marasa lafiya da shi, Marie Antoinette da Catherine Bokassa kuma ya zama abin da aka tuhume su da shi. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, maza da mata, idan muka sake ganin hoton wata sarauniya ko gimbiya a jarida ko a waya, kada mu tsaya ga yaba kyan rigar ko tsine wa tsadarta. Mu tambayi inda aka saƙa ta, da wanda ya ci ribarta, da abin da mai ita ta yi wa jama'a bayan masu ɗaukar hoto sun watse. Idan amsar ta kai ga ƙofar gidan talaka, to kwalliya ta biya kuɗin sabulu.